Kawu Zai Zuba Kuɗin Riɗi A Fim: Ta Ina Za Su Dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu matasa ne a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, mun saba yin wasan daɓe a filin firamare lokacin bikin sallah. Bana kawuna ya sayar da riɗinsa, ya ce zai iya zuba mana naira miliyan 2 mu yi fim. Sai dai ya tambaye ni ta inda kuɗinsa za su dawo, na rasa abin ce masa. Don Allah a yi mana bayanin yadda ake haɗa jarin fim, da yadda ake sayar da shi, da yadda ake tallata shi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka wa Kawu da alheri. Tambayar da ya yi maka ta ɗan kasuwa ce na gaske, kuma kada ku taɓa ko sisi a kuɗinsa sai kun iya amsa ta a rubuce. Da yawan masu shiga harkar nan ta baya suke farawa: su tara kuɗi, su fita lokeshin, su gama editin, sannan su zauna suna neman wanda zai saya. Daidai shi ne a fara sanin ƙofar da kuɗi za su shigo, da kimanin yawansu, da lokacin shigowarsu, sannan a yanka kasafi gwargwadon hakan. Shi kansa Kawu bai shuka riɗin nan ba sai da ya san akwai masu awo da ke jiran sa da kaka.

Ka fara da duba garinku. Ana kallon fim ɗin Hausa sosai a ƙauyukan Kano da Jigawa, amma kuɗin kallon ba sa isa hannun wanda ya shirya fim ɗin. Je ka shagon mai cajin waya bayan la'asar ka ɗan tsaya. Ga wayoyi jere a kan katako, kowace da 'yar takarda mai lamba a manne a bayanta, ga tsohuwar kwamfuta a gefe cike da fina-finai. Yaro zai zo da memorin babarsa ko na matar yayansa, ya ce a tura masa sabon kashin fim, ya miƙa 'yan canji. Kafin sallar isha'i an raba kashin nan a gida uku ta manhajar Xender, daga waya zuwa waya. Mai shago ya samu na cefane, mutane sun yi kallo sun yaba, furodusa kuwa ko kwabo bai gani ba.

Da ba haka abin yake ba. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 har zuwa ƙarshen zamanin faifan CD, kasuwar fim tana da abin ƙirgawa. Furodusa zai gama aiki, ya buga kwalayen fim ɗinsa, ya kai su tare da uwar kaset wurin 'yan kasuwa a Bata da Ƙofar Wambai a birnin Kano. Su ke kwafa su saka a kwali, su sayar wa masu sari da ke bin kasuwannin ƙauye, irin Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, wasu har Maraɗi da Damagaram. Da yawan kwalin da ya fita ake lissafa kuɗin furodusa. Tsarin yana da nasa ciwon: biya a tsittsinke, kwalin jabu, ga kuma ɗan kasuwa ya zama shi ke zaɓen jarumi da yawan waƙoƙi saboda shi ya ba da bashin jari. Duk da haka akwai abin da ake riƙewa a hannu a ƙirga. Waya da memori suka zo suka shafe wannan kasuwa. Wanda duk ya ce maka yau ku buga faifai ku kai kasuwa, labarin shekarun baya yake ba ka.

Ƙofar da kowa ke ambata yanzu ita ce YouTube, don haka bari mu tsaya a kanta da kyau, domin a nan aka fi yaudarar kai. YouTube ba ya biyan ka don an kalli fim ɗinka. Yana biyan ka ne wani kaso na kuɗin tallan da ya saka a jikin fim ɗin, kuma a dogon bidiyo kason mai tasha 55 ne cikin 100. Kafin ma a fara raba kuɗin talla da kai, sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12 da suka gabata. Yi lissafin da kanka: awa 4,000 minti 240,000 ke nan. Idan kowane mai kallo yana tsayawa minti 10 kafin datarsa ta ƙare ko ya gaji, kuna buƙatar kallo 24,000 kafin a buɗe muku ƙofar kawai. Duk kallon da aka yi kafin a amince da tashar ba ya kawo muku komai. Saboda haka babban kuskure ne ku ɗora fim ɗin da ya ci miliyan 2 a sabuwar tasha wadda ba ta da kowa. Ku fara gina tashar da gajerun barkwanci na minti 8 zuwa 12 da za ku ɗauka da waya mai kyau, ba tare da taɓa kuɗin Kawu ba. Na ce minti 8 ne da gangan, saboda daga nan ake iya saka talla a tsakiyar bidiyo, ba a farko kaɗai ba.

Bayan an amince da ku, akwai sauran matakai. Idan kuɗinku suka kai dala 10, Google, kamfanin da ya mallaki YouTube, zai aiko da wata lamba a takarda ta gidan waya don ya tabbatar da adireshinku. Mutanen karkara da yawa a nan suke maƙalewa, domin sun rubuta adireshin da ma'aikacin gidan waya ba zai taɓa ganowa ba. Ku sa adireshin wani amintacce a Dutse ko Kano, ko akwatin gidan waya. Za ku cike bayanan haraji na Amurka, wanda bai cike ba ana iya yanke masa har 24 cikin 100 na duk abin da ya samu. Sannan ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100, ana turowa ne daga ranar 21 ga watan da ke biye, kuma sunan da ke kan asusun banki dole ya dace da sunan da aka yi rajista da shi harafi da harafi.

Nawa ake samu? Babu tsayayyen farashi. Ya danganta da ƙasar da mai kallo yake da abin da masu talla ke biya a can. Kallon da aka yi daga Ingila ko Saudiyya ya fi na Najeriya da Nijar kawo kuɗi nesa ba kusa ba, mu kuwa akasarin masu kallonmu suna gida. Don misali kawai, ɗauka ana ba ku rabin dala a kan kowane kallo 1,000. Kafin ku haɗa dala 100 ta farko sai an yi kallo 200,000. Ka auna wannan da miliyan 2, za ka ga cewa YouTube kuɗi ne masu ɗigowa a hankali cikin shekara da shekaru, ga wanda ke da tarin bidiyo kuma yake sakin sabo a kai a kai. Wannan ne dalilin da ya sa masana'antar ta karkata ga fim mai dogon zango: kashi ɗaya duk mako yana dawo da mai kallo, tsofaffin kashi kuma suna ci gaba da kawo ɗan abin da suke kawowa.

Abu uku ke kashe tasha. Na farko saka kiɗa ko waƙar wani ba da izini ba, ko da ta Indiya ce ta daƙiƙa talatin a bayan fage. Na'urar YouTube tana gane ta, kuɗin bidiyon ya koma wa mai waƙa, in kuma mai haƙƙi ya kai ƙara aka ja muku kunne sau uku cikin kwana 90, an rufe tashar da duk abin da ke cikinta. Na biyu sayen kallo ko mabiya na bogi, ko tara 'yan ƙungiya su yi ta danna tallan da ke kan bidiyonku. Na uku, wanda ya fi yawa a ƙungiyoyi irin taku, a buɗe tashar da imel ɗin yaro ɗaya saboda shi ya iya waya, ranar da aka ɓata ya tafi da ita. Ku buɗe da imel na ƙungiya, lambar wayar da ke tsare da shi ta zama ta wanda kowa ya yarda da shi, sauran a ba su izinin ɗora bidiyo kawai.

Ƙofa ta biyu talabijin ce. Akwai Arewa24 da ta fara aiki a 2014, akwai Africa Magic Hausa, akwai tashoshin jihohi da wasu na kan tauraron ɗan'adam. Mu'amala da su iri uku ce. Ko su ɗauki hayar fim ɗinka na wani lokaci su biya ka, ko su saye shi ɗungurungum, ko kuma kai ka sayi lokaci a wurinsu ka nemo masu talla da kanka. Sabon shiga ya fi haɗuwa da na ukun, wato shi zai biya, ba shi za a biya ba. In Allah ya sa an yi muku tayin haya, a karanta takarda a tsanake, a duba shekara nawa ce, su kaɗai za su nuna ko kuna da damar ba wa wasu, hayar ta haɗa da intanet ko talabijin kaɗai, kuma yaushe za a biya. Layi ɗaya da ke cewa kun sallama dukkan haƙƙoƙi ya isa ya hana ku ɗora fim ɗinku a tasharku. Su kuma tashoshin suna da ma'aunin hoto da na sauti, fim ɗin da muryoyinsa ke hawa da sauka ba ya wucewa.

Sinima da manhajojin kallon fim irin Northflix ba zan daɗe a kansu ba. Gidajen sinima a Kano 'yan kaɗan ne, suna son fim mai manyan jarumai da aiki mai tsada, kuma bayan an cire haraji gidan yana ɗaukar kimanin rabin kuɗin tikiti ko fiye. Manhaja kuwa tana son fim ɗin da mutum zai cire kuɗi daga asusunsa ya biya don ya gani, abin da ke da wuya ga fuskokin da ba a sani ba. Ku bar su sai aiki na uku ko na huɗu.

Ƙofar da a ganina ta fi dacewa da ku ita ce talla ta kai tsaye, kuma a nan ne zama a karkara ya zame muku riba. Tunda mai kallo a ƙauye ba zai biya ku ba, sai ku nemi wanda ke son kunnen wannan mai kallo ya biya. Su waye? Dillalin taki da iri da maganin feshi, mai sayar da injin ban-ruwa ko sola, mai shagon atamfa da kayan ɗaki a Ringim ko Gumel ko Haɗeja, makarantar kuɗi, mai injin casar shinkafa. Waɗannan mutanen abokan cinikinsu su ne masu kallonku. Sirrin shi ne a dasa tallar a cikin jikin fim ɗin, ba a bar wa YouTube ba. Idan tana ciki, duk memorin da aka tura wa fim ɗin ya ɗauki tallar, mai tura fim ya koma yi muku rabo kyauta. Tallar da aka liƙa a farko ana iya datse ta ko a wuce ta. Wadda aka saƙa cikin labari ba ta datsuwa: uban amarya ya je shagon wane sayen kayan ɗaki, an ga allon shagon, an ji sunansa a bakin jarumi, ga lambar waya tana wucewa a ƙasan hoto. Sau ɗaya ko biyu a kashi ya isa, in ta yi yawa mai kallo zai gundura.

Ana neman mai talla ne kafin a fara ɗauka, ba bayan an gama ba. Ku je masa da takarda shafi ɗaya mai ɗauke da labarin a taƙaice, da yawan kashi, da inda za a nuna, da wurin da hajarsa za ta fito, da farashi. Ku nuna masa gajerun bidiyonku da yawan kallon da suka samu. A karɓi aƙalla rabin kuɗin kafin a kunna kyamara. Wani ba zai ba da kuɗi ba amma zai ba da buhun shinkafa, ko aron gida, ko mota da mai, duk ku karɓa ku rubuta ƙimarsu, rage kashewa ma samu ne. Ku guji tallar maganin da ba shi da lambar NAFDAC, ku kuma sani cewa akwai hukumar ARCON da ke tantance tallace-tallace a ƙasar nan. A YouTube akwai wurin da ake dannawa a bayyana cewa bidiyon yana ɗauke da tallar da aka biya, a danna. Kuɗin ɗan siyasa kuwa suna da saurin zuwa, amma suna raba muku masu kallo gida biyu, kuma sukan tsaya cak da zarar an gama zaɓe.

Su kansu masu tura fim ana iya cinikayya da su. Ku tara na ƙaramar hukumarku da maƙwabta, ko ku bi ta shugabanninsu, ku sayar musu da kowane kashi kwana ɗaya kafin ya hau YouTube, a kan kuɗi dunƙule. Sharaɗin shi ne kuɗi a hannu, kuma a ba kowa a rana ɗaya, saboda da zarar kwafi ɗaya ya fita, darajarsa ta faɗi. A ba su wanda aka matse don ƙaramar waya, uwar fim mai nauyi ta zauna a wurinku. Haka nan gidan kallon ƙwallo a daren da babu wasa: a yi yarjejeniyar rabon kuɗin ƙofa da mai gidan, a sa mutum naku a bakin ƙofa da tikiti mai lamba. Kuɗin ba su da yawa, amma suna zuwa a daren. Sai dai a tuna mata ba sa zuwa gidan kallo, alhali su ne ƙashin bayan masu kallon fim ɗin Hausa, su ta memori za ku same su.

Yanzu mu koma kan kuɗin Kawu. Tun farko a fayyace: kyauta ce, bashi ne, ko jari? Rigimar dangi a kan fim daga nan take tasowa, mai kuɗi yana ganin bashi ya bayar, yara suna ganin jari aka zuba. In jari ne, ku yi shi bisa tsarin mudaraba da malamai suka sani: shi da dukiya, ku da aiki, a raba riba da kaso, misali 60 da 40, ba da tsayayyen adadi ba. In an faɗi ba tare da sakaci ko ha'inci ba, asarar kuɗi tasa ce, ku kuma kun yi asarar wahalarku. A faɗa masa wannan ɓaro-ɓaro a gaban shaidu biyu, a rubuta, kowa ya sa hannu. Takardar ta faɗi cewa duk abin da ya shigo za a fara mayar da uwar kuɗi ne kafin a yi maganar riba, ta faɗi wa ya mallaki fim ɗin da tashar, har tsawon wane lokaci Kawu zai ci gaba da karɓar kaso, da ranar da za a riƙa zama ana duba lissafi. Ku yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ku buɗe asusun banki da sunan, mai sa hannun mutum biyu.

Kada a karɓi kuɗin gaba ɗaya. A raba su uku: na shiri, na ɗauka, na editin da talla, kuma ba a sakin na gaba sai an kawo rasit na baya. Ban ba ku shawarar cin bashi mai wa'adi ba, ko ɗaukar adashi, domin zubi yana da rana, kuɗin fim ba su da rana. Kada a jinginar da gona, kada a sayar da shanun huɗa. Gwamnati ta taɓa fito da tallafi, kamar Project ACT Nollywood na naira biliyan 3 a 2013, da shirin rancen Babban Banki na masu ƙirƙira a 2019 mai ruwa 9 cikin 100, amma irin waɗannan suna neman kamfani mai tarihi da takardu, ga kuma batun kuɗin ruwa da Kawu ba lalle ya yarda da shi ba.

Miliyan 2 a farashin yau ƙaramin jari ne, don haka a yi labarin da ya dace da shi: kashi 4 zuwa 6 na minti 25 zuwa 30, 'yan wasa kaɗan, gidaje uku ko huɗu a cikin garinku, ba biki, ba asibiti, ba fitowar dare mai cin fitilu da man janareta. Ga rabon da zan ba da shawara. Naira 200,000 ga rubuta labari da gwaji. 800,000 ga ɗauka, wato hayar kyamara da mai ɗauka da mai sauti, abinci, mai, sufuri da sallamar 'yan wasa. 400,000 ga editin, gyaran sauti da kiɗan da aka yi muku na kanku. 300,000 ga rajista, tacewa da talla. Sauran 300,000 a ajiye, ba a taɓa su sai dole. Farashi yana canzawa, ku tambayi mutum uku a Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, kafin ku tsayar da kowane adadi. Abin da ba ya canzawa shi ne kada kuɗin talla su narke a lokeshin, wanda kusan kullum haka ke faruwa.

Abin da ke cinye kasafi shi ne kwana. Kowace rana a lokeshin tana da kuɗin haya da ciyarwa ko an yi aiki ko ba a yi ba. Maganinsa a rarraba labarin bisa wuri, ba bisa jerin yadda zai fito ba: duk fitowar da ke tsakar gidan mai gari a ɗauke ta a yini ɗaya, ko da wata ta kashi na 1 ce wata ta kashi na 5. Wannan yana buƙatar mutum guda da littafi, yana rubuta rigar da kowa ya sa da hannun da ya riƙe buta. A yi gwaji na mako biyu kafin kyamara ta iso, tunda gwaji kyauta ne. Masu wasan daɓe sun saba ɗaga murya da faɗaɗa motsi don na baya ya gani, kyamara kuwa ba ta son haka, a gwaji ake sauke shi. A gama ɗauka a zango ɗaya. In kuka tsaya neman kuɗi, za ku dawo ku tarar geron da ke kore a bayan jarumi an girbe shi.

Sauti ya fi hoto kashe fim. Mai kallo a ƙaramar waya zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba zai haƙura da maganar da ba ya ji ba. A ƙauye ga injin niƙa, ga babur, ga awaki, ga iskar hunturu tana bugun makirfo. A sa janareta nesa da doguwar waya, a roƙi mai injin niƙa ya tsaya na awa biyu a biya shi, mai sauti ya sa abin ji a kunne duk lokacin ɗauka. Kowane dare a kwafe aikin ranar a wuri biyu daban kafin a goge katin kyamara.

Batun ɗauko sanannen jarumi daga Kano: yana taimakawa a hoton bango, amma yana iya cinye rabin kuɗin ɗauka. In za ku yi, ku ɗauke shi yini ɗaya, a tara duk fitowarsa a ranar, a ba shi kafin alƙalami kawai, cikon sai ya gama, kuma a rubuta cewa zai ɗora tallar fim ɗin a shafinsa. Kowane ɗan wasa, har na garinku, ya sa hannu a takardar amincewa. 'Yan mata kuwa sai da izinin iyaye a rubuce, in ba haka ba ranar da aka sa wa ɗaya rana za a zo a ce ku sauke fim ɗin.

Kada ku tsallake hukuma. Akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, NFVCB, da aka kafa a 1993, akwai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, wadda ke rajistar kamfanoni da 'yan wasa, take kuma buƙatar a kawo mata fim kafin a sake shi. Ɗorawa a intanet ba ta fitar da mutum daga hannunta ba, a 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a kan rashin kawo su tacewa. Tunda editinku da kasuwarku za su bi ta Kano, ku je ofishinsu tun labarin yana kan takarda. A gida kuma a fara da gaisuwa wurin mai unguwa da dagaci da liman, a gaya musu abin da labarin ya ƙunsa. Ka tuna alƙaryar fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016, amma rashin amincewar malamai da jama'a ya sa aka fasa.

Talla tana farawa ne ranar farko ta ɗauka. A sa mutum ɗaya yana ɗaukar hotuna da gajerun bidiyo na bayan fage, kuma a ɗauki hoton bango da gangan: fuska biyu ko uku manya, a kusa, da yanayin da ke nuna rikici, da rubutu na kalma biyu ko uku da za a iya karantawa a ƙaramar waya. Sunan fim ya zama gajere, mai sauƙin faɗa ga yaron da aka aika shagon tura fim, kuma a bincika a YouTube a tabbatar wani bai riga ku ba. In akwai waƙa, a sake ta mako biyu kafin fim. Tirela kada ta wuce minti ɗaya da rabi, kada kuma ta tona ƙarshen labari. Daga kowane kashi a yanko guntaye uku ko huɗu na ƙasa da minti ɗaya, inda ake cacar baki ko abin dariya, a watsa a TikTok da Facebook da WhatsApp, kowane da sunan fim da na tasha a rubuce a jikinsa, domin za a kwafe shi a raba ba tare da bayanin da kuka rubuta a ƙasa ba.

A karkara har yanzu rediyo da ranar kasuwa sun fi intanet isa. Sanarwa a Rediyon Jigawa ko Freedom, a kusa da shirin da mata ke saurare, ta fi fosta ɗari. Fosta kuma a liƙa ta inda ake tsayawa: shagon caji, teburin mai shayi, tashar 'yan acaɓa. A saki fim da kaka ko a makon sallah, lokacin da kuɗi ke hannun mutane da na masu talla, a kauce wa azumi. A tsayar da rana da lokaci, misali duk Juma'a da ƙarfe 8 na dare, kuma kada a saki kashi na 1 sai an gama editin na ƙarshe. Tsallake mako ɗaya yana zubar da masu kallon da aka sha wuya kafin a tara.

Bayan kashi na 3, ku buɗe shafin ƙididdiga na tashar ku duba abu uku. Minti nawa mutane ke tsayawa, kuma a daidai ina suke fita. In suna fita a minti biyun farko, jerin sunaye da gaisuwar da kuka sa a gaba ne suka yi tsawo, a mayar da su ƙarshe. Daga waɗanne ƙasashe ake kallo. Sannan mutum nawa cikin waɗanda suka ga hoton bango suka danna. In sun yi kaɗan, a canza hoton, ana iya canza shi ko bayan an ɗora. Ku haɗa wannan da rasit na masu talla da na masu tura fim da na gidan kallo a littafi ɗaya. Da wannan littafin za ku zauna da Kawu a ranar lissafi, da shi kuma za ku koma wurin dillalin taki ku nemi ƙarin farashi a zango na biyu.